Jirgin da Aka Cire wa Murya

Ana idar da sallar asuba muka bar Riyad, ranar Alhamis, ni da maigidana da 'yarmu da wani abokinsa da ke aiki a unguwar Sulay wurin masu yanka tsofaffin ƙarafa. Ni ban so tafiyar ba, dole ce ta sa. Wata mai kamawa za mu je gida Funtuwa. Innata ta tsufa, ba ta taɓa ganin takwararta ba sai a hoto. Ita kuwa yarinyar, ko daga nesa ta jiyo ƙarar jirgin sama sai ta sandare, ta shige cikin abayata tana kuka har numfashinta ya ɗauke. Tana goye aka yi yaƙin Kuwaiti, lokacin da jiniya ke tashi mu ruga banɗaki da jiƙaƙƙen tawul don tsoron iska mai guba. Ana ce mini jariri ba ya tuna komai. To, ni dai na san abin da nake gani. Yaya za a yi ta zauna cikin jirgi har Kano?

Abokin ne ya ce akwai wani tsohon filin jiragen soja can kudu cikin sahara, wurin aikinsu ke kwashe abin da ya rage. "Ku kai Hajiya ta ga gawarsu," in ji shi. Hajiya muke ce mata, tunda sunan Inna gare ta.

Mun ratsa Sulay gari bai gama wayewa ba, ga rumbunan kaya a jere, ga leburori tsugune bakin titi suna jiran mota. Muka tsaya muka sayi burodin tamis da dafaffen wake da suke kira ful, 'yan riyal kaɗan, burodin ya fi faranti faɗi. Ban iya ci ba. Sai buɗe jaka nake ina duba ruwa da maganin zazzaɓi, har maigida ya ce ko asibiti zan buɗe a can. A shingen 'yan sanda aka duba iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, aka ce yalla, mu wuce. Daga nan gonakin dabino suka raka mu, suka gaji suka koma, sai jan yashi. Can gaba kwalta ta zama ruwa, muna matsowa ruwan yana ja da baya.

Cikin ruwan nan na fara hango su. Wutsiyoyi ne a tsaye, kamar suna iyo. Da muka iso sai ga doguwar kwalta duk ta tsattsage, ciyawa ta fito, jiragen kuma a kwance gefe guda, wani ba hanci, wani ba ƙafa.

Mai gadin wani tsoho ne ɗan Sudan da farin rawani. Da ya ji maganarmu sai ya ce, "Sannunku da zuwa." Ashe kakansa Bahaushe ne, ya taso aikin hajji a ƙasa ya yada zango a Sudan. Hausar tasa ta ƙare a gaisuwa, sauran kuwa maigida ne ya fassara daga Larabci. Ya ce da can filin yashi ne kawai, ƙananan jirage masu feshin fara ke sauka. Da yaƙi ya zo aka shimfiɗa kwalta, tantuna suka cika ko'ina, ƙasa ba ta daina rawa ba sai da aka gama. Jirage masu lafiya suka tashi suka tafi, aka bar waɗanda suka ji ciwo. Yanzu fiffike ɗaya ne rumfar tsohon. Tankin mai an tsaga shi, raƙuma ke shan ruwa a ciki.

Hajiya tana maƙale da ni, fuska a ɓoye. Sai ta leƙo da ido ɗaya.

"Umma, tayyara barci take?" Da sunan Larabci take kiran jirgi.

"Barci take, Hajiya."

"Ina bakinta?"

Abokin ya nuna mata wani ƙaton rami ƙarƙashin fiffike, inda injin yake a da. Ya ce an cire, an kai Sulay. Babanta ya ja hannunta, ni kuma tsohon ya ba ni kujerar jirgi a rumfarsa, har da ɗamararta, ya zuba mini shayi mai na'ana'a.

Iska tana shiga ramukan ƙarfen tana fito a hankali. Ban san sanda idona ya rufe ba. Sai na ga kujerar ta ɗaga, jirgin duka ya tashi ba ƙara, mun bi ta kan teku. Ga Inna a kan fiffike ta baza tabarma tana shanya kuɓewa, tana ce mini in rufe taga kada yarinya ta yi mura.

Ihu ne ya tashe ni. Na zabura da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Na tarar babanta ya ɗaga ta, ta zura kai cikin ramin injin tana cewa "Waaa!" Ƙarfen yana mayar mata da muryarta ta yi kauri, tattabaru suna ta fita ta tagogi.

"Umma, ni ce tayyara!"

Da ƙyar muka raba ta da ramin nan bayan azahar, muryarta har ta dishe.

A hanyar dawowa, mun kusa gari, sai ga jirgin gaske, mai rai, ya sauko ƙasa ƙasa ta kanmu. Motar ta ɗauki rawa. Na kai hannu zan toshe mata kunne yadda na saba, ta ture. Ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga, ido cike da hawaye, ta buɗe baki ta rama masa: "Waaa!" Saura kaɗan maigida ya saki hanya.

Mun shiga gida ana kiran magariba, yashi har cikin kitsonta. Ban ce ta warke ba, ni ma ban warke ba. Abin da na gano shi ne, tun tana goye nake rufe mata kunne da baki, ban taɓa barinta ta mayar da amsa ba. Na ce wa maigida ya aika Funtuwa a gaya wa Inna muna tafe. Waɗanda Allah ya haɗa mu jirgi ɗaya da su kuwa, sai dai su yi haƙuri, don Hajiya da jirgin za su yi musu har Kano.