Rokar Uwata

Sana'ata sayar da fenti ce a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja. Da dakon bokitai na fara, daga mota zuwa shago, har Allah Ya sa na samu shagon kaina, na ƙara da fayif da silin na roba. Ina da doka guda da kowa ya san ni da ita a layinmu: abin da aka yi wa fenti ba ya barin hannuna sai ya bushe. Ƙofa ce, taga ce, ko mai ita zai yi birgima a ƙasa don sauri, sai ya jira. Wanda ya ɗauki ɗanyen aiki yau, shi ne zai dawo gobe ya zage ka.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Da sikila aka haife ta. Mun saba da asibiti kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai faɗa. Lokacin da ta gama sakandare ciwon ya riga ya cinye mata ƙugu, sai da sanda take tafiya. A farkon daminar shekarar ta yi wata kwanciya da ciwon ƙirji, likita ya ja ni gefe ya yi mini magana mai laushi, yana kallon takardar hannunsa. Ni ɗan kasuwa ne, na san fuskar mutumin da yake rage wa magana nauyi. Na gane cewa in irin wannan ya sake dawowa, sai yadda Allah Ya yi. Ban faɗa wa mahaifiyarta ba.

A wannan kwanciyar ne 'yan ƙungiyar kimiyya ta tsohuwar makarantarta suka harba rokokin da suka haɗa. Ita ta fara kawo shawarar tun tana aji shida, amma ranar tana gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. Hotuna kawai ƙawayenta suka turo mata. Da muka dawo gida Gwarinpa, ta tare ni a baranda.

"Abba, ina son siririn fayif, da guntayen silin, da gam mai ƙarfi."

"Gida za ki gina mana?"

"Roka zan haɗa."

"Irin wadda ake harbo wa mutane a labarai? Uwata, so kike a rufe mini shago?"

Ta yi dariya ta ce tata ruwa take sha. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda ake yi wa sabon yaron shago. Babbar robar lemo ce gangar jikin. A zuba mata ruwa kaɗan, a kifa bakinta kan fayif, a yi ta buga iska da famfon taya. In an ja igiya maƙallin da ke riƙe bakinta ya sake ta, iskar ta tunkuɗo ruwan ƙasa, ita kuma ta yi sama. A can ƙololuwa hular kanta ta faɗi, 'yar lema ta buɗe ta sauko da ita a hankali.

"Ni zan ja igiyar," ta ce. "Da idona nake so in gani, ba a hoto ba."

Mahaifiyarta ba ta so ba. Warin fenti da ruwan sanyi, ga damina, duk abubuwan da take tsoro ne. Da ƙyar aka daidaita: aiki a baranda, da rana kawai, ni zan taɓa ruwa, ni zan yi feshi. Ranar harbawa kuma sai rana ta fito sosai kuma Uwata ta tashi ba ciwo.

Na soma barin kasuwa da azahar. Ita take zana fikafikan a jikin silin da biro, ni in yanka. Na yanka kashin farko na miƙa mata ina jin kaina, ta ɗora su kan juna ta ce ɗaya ya fi sauran da faɗin farce.

"Wa zai gani?" na ce.

"Iska za ta gani."

Ta zauna da sanfefa tana goge bakin kowanne har ya yi sulɓi. Hannunta kan gaji, ta ajiye, ta jingina da bango ta rufe ido, sannan ta ɗauka. In na ce ta kawo in ƙarasa, sai ta ce hannuna na ɗaga bokiti ne. Lemar kuwa daga wata tsohuwar lemar ruwa ta mahaifiyarta ta yanko ta, ta ɗaura mata zaren ɗinki mai kauri.

Da aka zo fenti na ce yanzu an shigo gonata. Na ɗauko mata fentin mai mafi kyau a shagona, irin wanda nake ajiye wa manyan 'yan kwangila. Ta shafa wa wata robar daban don gwaji, da ta bushe ta ɗora ta kan sikelin da mahaifiyarta take auna fulawa, ta kira ni in duba.

"Abba, ƙofar gareji kake so in harba?"

A wurinmu fenti mai kauri shi ne mai kyau, a wurinta kuwa kowane shafi kaya ne da rokar za ta ɗauka sama. Na koma wajen wani maƙwabcina mai sayar da fentin mota na karɓo na feshi. Ta zaɓi ruwan goro, ta ce shi ne zai fito sosai a cikin gajimare. Ina feshi a tsakar gida, tana can nesa kan kujera da hankici a hanci tana ba da umarni. "Ja baya. Kada ka tsaya wuri ɗaya, zai zubo." Ni da na tsufa a cikin fenti.

Akwai wani gwaji da ake yi kafin shafin ƙarshe. Ana ɗaura wa rokar igiya a tsakiya a yi ta wulwula ta sama da kai. In ta bi da hancinta gaba, ta daidaita, in ta yi ta tangal-tangal sai a ƙara wa hancin nauyi. Uwata ba ta iya tsayuwa ta juya, sai ni. Na tuɓe babbar riga na tsaya a tsakar gida, da tumbina da hulata, ina wulwula robar lemo kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin, ta yi dariya har ta zauna a bakin ƙofa.

"Alhaji, da 'yan kasuwa za su gan ka."

"Umma, ƙyale shi, yau ne ya samu aikin da ya iya," in ji Uwata.

Sai marka ta sauka. Wanda ya san Abuja a tsakiyar damina ya san yadda sama take rufewa, yayyafi safe da yamma, tufafi su ƙi bushewa a kan igiya. A irin wannan yanayi fenti yakan yi wayo, samansa ya bushe, cikinsa ɗanye. Na yi shafin ƙarshe wata Asabar da aka ɗan tsagaita, muka rataye rokar a gareji.

Washegari Lahadi rana ta fito tas. Uwata ta tashi da ƙarfinta, ta ci abinci, har mahaifiyarta da kanta ta ce mu je. Na zuba ruwa a jarka, na sa famfo a mota. Uwata ta shiga gareji ta ɗauko rokar, sai na ji shiru. Da na leƙa, tana tsaye tana kallon inda yatsunta suka nutse a fentin, wajen fiffike ɗaya.

"Ba komai," na ce. "Sama za ta, ba kasuwa ba. Shiga mota."

"Bai bushe ba, Abba."

"Zai bushe a hanya."

"Kai ne kake faɗin haka? Abin da aka yi wa fenti ba ya fita sai me?"

"Wannan dokar shago ce."

"To ni 'yar mai shagon ce. In ta faɗi a ciyawa haka, duk ƙasa za ta manne mata. A goge nan, a sake fesawa. Lahadi mai zuwa ma rana ce."

Na tsaya da makullin mota a hannu. Abin da zai sa ta yarda guda ɗaya ne, wato in faɗa mata abin da na karanta a fuskar likita, kuma mahaifiyarta tana tsaye a bayana. Na mayar da makullin aljihu na ɗauko sanfefa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa fitar da fenti mai sulɓi irinsa ba.

Ranar Talata ruwa ya dawo da sanyi. Kafin la'asar ƙirjinta ya riƙe, muka tafi asibiti, aka sa mata robar iska a hanci da baki. Lahadin da ta ambata ta zo da rana mai kyau, tana kwance. Ta janye robar daga bakinta ta yafito ni.

"Ya bushe yanzu?"

"Ya bushe ƙarau."

"To je ka harba ta. Ka ɗauko mini a waya."

"Uwata, ke za ki ja igiya. Tana nan tana jiran ki."

Ta dube ni yadda mahaifiyata takan dube ni in na yi ƙarya ina yaro. Ta ce, "Abba, rana ba ta jira. Je ka."

Na bar ta da mahaifiyarta, na biya gida na ɗauki kayan, na nufi wani fili da na sani bayan Zuba, inda ba gidaje ba wayar lantarki. A hanya wani ɗan sanda ya tsayar da ni, ya leƙa kujerar baya ya ja da baya.

"Oga, wannan fa? Ka sauko, ka buɗe shi."

Na cire hular rokar na nuna masa lema da robar lemo, na ce ta 'yata ce, tana asibiti. Ya juya ta a hannu, ya mayar da ita kan kujera a hankali. "Allah Ya ba shi lafiya," ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, ya ɗaga mini hannu.

A filin ba kowa sai wata bishiyar ɗorawa da shanu can nesa. Na kafa fayif ɗin, na zuba ruwa daidai zanen da ta yi da biro, na ninke lemar yadda ta koya mini. Na taka famfon har robar ta yi tauri tana ƙara. Na ja da baya iya tsawon igiya. Waya a hannun hagu, igiya a dama. Na yi bisimilla na ja.

Ta tashi da wata ƙara kamar an yaga sabon yadi, ruwa ya feso mini har fuska. Na ɗaga kai ina bin ta. Ta miƙe sak, ba ta karkata ba, ta ƙanƙance har ta koma kamar ɓawon goro a jikin farin gajimare. Ta ɗan tsaya, hular ta faɗi, lemar ta buɗe. Ta sauko tana lilo, ta sauka a ciyawa ba ko ƙwarzane.

Sai da na duba wayar na ga abin da na ɗauka. Ciyawa, da takalmina, da gefen rigata. Da na ɗaga kai, hannuna bai bi ni ba. Na koma da gudu in sake, na tarar maƙallin roba da ke riƙe bakinta ya tsage wajen tashi, ko na buga iska ba ta zama. Na yi ta ɗaure shi da igiya, ruwa yana tsiyaya. Shagunan Dei-Dei da za a samu irinsa a rufe suke ranar Lahadi, hadari kuma ya soma haɗowa ta gabas.

Na koma asibiti da rigata a jiƙe. Na miƙa mata wayar. Ta kalli ciyawar, ta kalli takalmin, kafaɗunta suka motsa, dariya take yi ba sauti.

"Abba, ƙafarka ka je ka ɗauko mini?"

"Gobe zan sayo maƙalli, in tafi da wanda ya iya waya."

Ta mayar da hoton baya, ta kara wayar a kunne. Ana jin bisimillata, ana jin ƙarar tashin, sannan shiru mai tsawo, sannan muryata ina cewa, "Ta buɗe, Uwata, ta buɗe." Ban san na faɗa ba.

"Nisan nawa ta yi?" ta ce. "Kada ka yi mini cinikin kasuwa."

"Akwai ɗorawa a wurin. In aka ɗora mata wata irinta, aka ƙara wata, to wajen nan."

"Ta karkata?"

"Ko kaɗan."

"Lemar a sama ta buɗe, ko sai da ta fara faɗowa?"

"Ta ɗan sunkuyo tukuna."

"Haka ake so." Ta rufe ido. "Sake faɗa mini daga farko. Daga zuba ruwa."

Na ja kujera na sake faɗa mata, ban ƙara ba ban rage ba. Mahaifiyarta ta juya tana gyara kwanukan abinci da ba su buƙatar gyara.

Da safe na sayo maƙallin, amma ruwa ya wuni yana zuba, washegari ma haka. Daga nan kuma ban ƙara yarda na bar bakin gadonta ba. Ranar Juma'a da hantsi Allah Ya karɓi abarSa, aka yi mata salla bayan an sauko daga masallaci. Ba ta ga rokarta a sama ba. Ƙarar tashinta ta ji, sauran kuma daga bakina.