Daudu da kiran shanun Baffansa

"Auduga ce da ƙaro," in ji Daudu, yana shafa haɓarsa yana dariya. "Shi ne gemun. In an tashi cirewa har da fata. Abokina Ashiru kuwa ba tausayi, fizga ɗaya yake yi, ya ce ai tsoho ba ya kuka."

Muna zaune a kan wani falalen dutse a bayan Roni, shanunsa na shan ruwa a tafki. Na tambaye shi yadda aka yi ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayon makarantarsu ta sakandare, shi da ko a aji ba a jin bakinsa.

Ya ce Malam Sama'ilu ne ya kawo abin, wani malamin Hausa da aka turo daga Kazaure. Makarantar ba ta da zauren taro, sai a haɗa tebura a ƙarƙashin darbejiya bayan an tashi. Da farko ɗalibai ƙalilan ne suka zo, yawancinsu ma don gudun sharar fili. Daudu ba ya cikinsu. Yana jiran abokinsa Ashiru ne su tafi gida tare, ya ga wanda aka ba matsayin tsohon makiyayi yana ta shirme, sai ya ce a hankali, "Ba haka ake kiran saniya ba."

Malam ya ji. Ya ce, "To, Bafillace, taso ka nuna mana."

Daudu ya tashi ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta, ya yi gyaran murya sau biyu, ya saki kira. Bai ƙirƙiro komai ba. Baffansa, wato mahaifinsa, kawai ya kwaikwaya, yadda yake ganinsa kullum da yamma a bakin garke. Tun daga ranar ya zama tsohon ƙungiya.

Daudu ɗan fari ne, don haka a rugarsu da ke hanyar Gwiwa ba a kama sunansa. Inna Shatu, mahaifiyarsa, "yaron nan" take cewa. Baffa kuwa ko hira ba ya zama ya yi da shi. Abin da ya sani na mahaifinsa duk daga nesa ya koya, da ido da kunne.

Ranar ba da kyaututtuka aka yi wasan a gaban iyaye. Daudu bai gaya wa kowa a gida ba, amma ranar kasuwa ce, Baffa ya biyo ayarin mutane ya tsaya can baya. Da Daudu ya fito da gemun auduga ya yi gyaran muryar nan, waɗanda suka san Baffa suka fara juyawa suna kallonsa. Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ardo, ashe kai biyu ne!" Kafin a gama, Baffa ya tafi.

"Na dawo gida," in ji Daudu. "Na iske shi yana ɗaure maruƙa. Bai ɗago ba. Sai ya ce, 'Kai, zo nan. Kiranka guntu ne. Wule ba za ta taso wa wannan ba. Ja ƙarshensa.' Ya yi, na yi. Ya sake yi, na sake. Muna nan har aka kira magariba. Ban taɓa daɗewa kusa da shi haka ba."

Da damina ta faɗi Baffa ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ƙannen Daudu ƙanana ne, babu mai kiwo sai shi. Ya ajiye makaranta yana ajin ƙarshe. Malam Sama'ilu ya zo gaisuwa a babur, ya ce masa matsayinsa na nan duk ranar da ya dawo. Daudu ya yi godiya, su biyun kuwa sun san ba zai dawo ba.

Shanun suka ƙi shi. Wule, saniya mai farin goshi da ke jan garke, sai ta tsaya ta kalle shi ta juya kai, sauran su bi ta. Wata yamma suka nufi gonar geron wani mutum, ya yi ihu ya yi jifa, ba wadda ta waiwaya. Sai ya yi gyaran muryar nan ya ja kiran. Wule ta ɗaga kai, ta juyo da gudu.

"Ban yi tunanin ana ji daga gida ba," in ji shi. "Ina shigowa da su na ga Inna a bakin shinge, tana cikin takaba, ko mayafi babu, ludayin nono a hannunta. Ta duba bayana. Ta duba bayan shanun. Sannan ta kalle ni, ta koma ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba."

Ya ga ba zai iya ci gaba da yi mata haka ba. Sai ya riƙa kai shanun bayan duwatsu, inda murya ba ta isa ruga, yana koya musu tasa. Ya yi kiran Baffa, ya bi shi da nasa, ya ba Wule gishiri a tafin hannu. Sai da aka yi kaka aka shiga rani kafin ta fara amsa masa. Daga nan ya daina muryar Baffa gaba ɗaya, yana ganin ya huta, ita ma ta huta.

Amma Inna Shatu ta fara ramewa. Ta daina tatsa, ta bar wa ƙanwarsa. Wata rana tana miƙa masa fura, idonta na kan ƙwarya, ta ce, "Yaron nan, shanun ba sa bukatar a kira su ne yanzu?"

Ya ce suna zuwa da kansu.

Ta ce, "To." Sannan ta ce, "Ni ina ji ne daga ɗaki. Ba na fitowa."

Na tambaye shi me ya yi. Ya tsinci tsakuwa ya jefa a ruwa.

"In na yi, tana kuka. In ban yi ba, ba ta cin abinci. Na zaɓi kukan. Sau ɗaya nake yi, in mun kusa gida. Abin da ke damuna, na fara mantawa. Wani lokaci sai in ji tawa ce ke fitowa. Ban sani ba ko ta lura."

Inuwa ta riga ta rufe tafkin. Wule ta fito daga ruwa ta kama hanya da kanta. Daudu ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in na koma Kazaure in gai da mutanen gida, ya saɓa sandarsa ya bi bayan shanun, yana gwada gyaran muryar a hankali.