Jan Fentin Cak Darmaji

Galih na riƙe da waya yana ɗaukar yayansa Seno a bidiyo lokacin da ya ji ƙarar. Wata 'yar ƙas ce, kamar an taka busasshen reshe. Seno ya diro daga katangar filin wasan unguwarsu a Malang, ƙasar Indonesiya, a kan tayar bayan kekensa, yadda ya saba, sai wuyan keken ya rabu da gangar jikinsa. Ya faɗi da baya a kan siminti. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, "Galih, taɓa min ƙafata." Galih ya taɓa, ya matsa, har ya mintsina. Seno ya ce, "Ka taɓa mana!"

Keken, fitowarsa ke nan daga hannun Cak Darmaji mai fenti.

Duk mai wasan keken tsalle a garin ya san rumfar nan ta bakin kwata. Cak Darmaji ya tashi ne a hannun mahaifinsa, suna yi wa kekunan ɗaukar fasinja fenti, suna zana damisa da furanni a jikinsu. Da babura suka kashe wannan sana'a, sai ga samari da kekuna marasa sirdi, masu hawa duwatsu da katangu. Ya karɓe su hannu bibbiyu. Bai taɓa hawa irin keken ba, amma ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Birki ba ya kamawa? A goga kwalta a bakin ƙafar. Sarƙa na kuka? Ga tsohon man suyar maƙwabcinsa mai tempe, wato wainar waken soya. Wasu dabarun sukan yi aiki, shi ya sa aka yarda da sauran. Yakan bayar da su ne taba mai kanumfari a baki, yana tofar da yawu a cikin gwangwanin da yake wanke buroshi.

Tsofaffin 'yan wasa sukan bar jikin keke tsirara ba fenti, don su ga tsaga tun tana ƙarama. Seno kuwa gasa ce a gabansa, ja yake so.

Washegarin faɗuwar Galih ya ɗauki gutsattsarin keken ya nufi rumfar. Bai jima da gama jami'a ba, aiki bai samu ba, a ɗakin Seno yake ci yake kwana. Ya tarar da Cak Darmaji yana tsame ƙuda daga kofinsa da yatsa mai fenti, ya kurɓa.

"Le, yarona, yaya jikin yayan naka? Na faɗa masa ya rage cin bakso, dunƙulen naman nan, ya yi wa keken nauyi."

"Cak, dubi nan."

A bakin karayar ƙarfen ya yi sirara kamar ɓawon ƙwai, duk ramuka, an cike su da fila irin ta masu gyaran jikin mota, an bi da ja mai sheƙi.

"Me ka yi masa?"

"Abin da nake yi wa kowa. Na jiƙa shi a ruwan soda irin ta haɗa sabulu, tsohon fenti ya saɓule. Tun ba a haifi ubanka ba haka muke yi."

"Wancan baƙin ƙarfe ne, Cak! Wannan alminiyom ne, soda cinye shi take yi. Ka ga ramukan ai, tunda ka cike su."

"To da in bar su? In miƙa wa mutum keke kamar fuskar mai ƙyanda?" Ya yi dariya, haƙoransa jawur. "Kai dai an yi boko an zo ana koya wa tsoho aikinsa. Mutum ya bar ƙasa shimfiɗe, ya hau katanga kamar akuya, sannan a ce laifin mai fenti ne?"

Daga bayan rumfar wani wari ke tasowa mai shaƙe maƙogwaro. Galih ya leƙa. Wani keken ne nutse a rabin duro, ruwan ya yi toka-toka yana tafarfasa shi kaɗai, ga guntayen taba na yawo a kai. Ya sa sanda ya ciro keken ya yar a ƙasa.

"Na wa ne wannan?"

"Kai, Le, ka ɓata min aiki! Bai gama nuna ba."

Galih bai tsaya ba. Ya aika wa ƙungiyarsu ta masu wasan keke hoton karayar, ya ce duk wanda kekensa ya ratsa ta rumfar nan kada ya sake hawa. Har ya kai bakin titi yana jiyo Cak Darmaji na faɗa wa mai tempe cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.

A asibiti ya sami Wulan, matar Seno, zaune a kan benci da kwanon shinkafar da ba wanda ya buɗe. An yi hoton bayan Seno, ta ce, ƙashi ɗaya ya tsage. Likita ya ce sai kumburin ya sauka za a san ko jijiyar ta tsira. Galih ya zauna kusa da ita. Har yanzu ba a gaya musu ko Seno zai sake tafiya ba.