Ranar da Teku Ta Yi Sallama

A Badagry na tashi, a unguwar Hausawa ta bakin ruwa, inda babana yake saro busasshen kifi daga ƙauyukan tsallake. Kakata, wadda muke kira Iya, ita ce mai tatsuniyar gidan. Bayan magariba mukan zagaye murhun da take bandar kifi a kai, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi.

Wata rana hadari ya taso daga teku tun la'asar. Baba ya shiga kwalekwale da safe, bai dawo ba. Muna jin iska ta ɗaye kwanon maƙwabta, ruwa kuma ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ummata ta yafa mayafi ta ɗauki fitila.

"Iya, zan leƙa bakin gaɓa."

"Zauna, Rabi. Yaron nan ya san ruwa. Ku matso, ku ji wata."

Ta ce wata mata ce mijinta ya tafi kamun kifi, sai teku ta zo ƙofarta ta yi sallama da muryarsa: "Fito ki kama mini, kaya sun yi nauyi." Matar ta leƙa, ta ga ruwan bai wuce idon sawu ba. Har ta ɗaga ƙafa, 'yarta ta riƙe mata zane ta ce, "Inna, muryar Baba ce, amma ban ji takunsa ba." Teku ta koma ta dawo da muryar uwar matar, sannan ta ƙanenta. Maƙwabciyarsu ta amsa kira ta fita, ba a ƙara ganinta ba.

Duk sanda Umma ta yunƙura, sai Iya ta ƙara wa teku wata muryar. Barci ya kwashe ni ban ji ƙarshen ba.

Da gari ya waye Baba ya shigo ba takalmi, ba kwalekwale, ya kwana rungume da bishiyar kwakwa. Gadar katakon da Umma za ta bi zuwa gaɓa kuwa, ruwa ya tafi da ita tun farkon dare.

Yanzu direba nake a Doha, a gidan wasu Larabawa a Nu'aija. Nan ruwan sama ba ya yawan sauka, amma in ya zo ba ya wasa. Wata rana na ɗauko yaran gidan biyu daga makaranta, mun baro West Bay, sai gari ya yi baƙi, iska daga teku tana jijjiga motar. Hanyar da ke bi ta ƙarƙashin gada ta cika. Na tsaya. Motocin baya suka dame ni da hon, uwar yaran ta kira waya.

"Yalla, Sani! Kowa yana wucewa, kai me kake jira?"

Zamana a ƙasar nan a hannun mijinta yake, shi ne kafil ɗina, wanda ya tsaya mini a takardun aiki. Ruwan ma kamar bai kai rabin taya ba. Na sa giya, na sake cirewa.

"Madam, ki yi haƙuri, ba zan shiga ba."

Ta kashe wayar. Na hau gefen titi inda yake tudu. Motar da ta sha gabana ta mace a tsakiya, muna kallo ruwa ya kai mata gilashi, mai ita ya fito ta taga. Ƙaramar yarinyar ta fashe da kuka. Ban san sanda na fara ba ta labarin teku ba, da Hausa, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta daina kuka tana kallon bakina.

Ba a kore ni ba, ba a kuma gode mini ba.

A cikin motar nan na gane abin da ya shige mini duhu tun ina yaro. Na ɗauka Iya ba ta jin tsoro. Ashe ɗanta na fari ne a cikin ruwan, kuma ita ma teku tana kiranta da muryarsa. Da ta yi shiru ko na ɗan lokaci, da ita za ta riga Umma fita.