Ranar da Inusa Ya Gyara Launi

Suma'ila mai buga takardu ne a wani biro, wato ofis, a Damagaram, gidansa na unguwar Zango. Mutum ne mai son kome ya zauna daidai. Ko hular baƙo ce ta karkace, sai ka ga hannunsa na motsi kamar zai gyara. Shekara biyu kafin fari da yunwar tamanin da huɗu ya sayo telebijin mai launi daga Kano, maƙwabta suka riƙa shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa suna kallo.

Ana tsakiyar farin, launin ya lalace. Fuskar mai karanta labarai ta koma kore, farar riga ta yi shuɗi-shuɗi. Maƙwabta ko a jikinsu, shi kuwa abin na cin ransa. Ya murɗa maɓallai har ya gaji, sannan ya nemi Inusa, magyarin da ya koyo aikin a Yamai. Inusa ya yanka kuɗin da a lokacin zai sayi rabin buhun hatsi.

Matarsa Wasila ta ce, "Malam, ana ganin mutane, ana jin magana. A bar shi haka mana, bana ba shekarar ado ba ce."

Ya ce, "Abin da aka saya da tsada ba a barinsa rabi-rabi."

Inusa ya zo ran Alhamis bayan la'asar, lokacin da tasha ke nuna ratsin launuka kafin a fara shiri. Ya buɗe bayan akwatin, ya jingina madubi a gaba don ya riƙa hango hoton, yana juya wasu ƙananan kusoshi a hankali. Ana cikin haka aka yi sallama. Kulu ce, yayar Suma'ila, daga ƙauyen Guna, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta sha ruwa, aka gaisa.

Ta ce, "Rumbu ya ƙare tun watan jiya. Maigidana ya ce in Allah bai kawo mafita ba, kudu za mu yi."

Ba ta roƙi kome ba, shi ma ya san ba za ta roƙa ba. Kuɗin Inusa na aljihunsa, bai riga ya miƙa ba. Ya taɓa su ta bayan riga, ya dubi telebijin, ya ga koren ya fara washewa.

"Allah ya kawo sauƙi, Yaya," in ji shi. Ya sa Wasila ta auna mata hatsi tiya uku.

Da za ta fita ta tsaya gaban akwatin. Launi ya zauna, ja ya fito ja sosai. Ta ce, "Kai, abin nan da kyau yake." Babu gori a muryarta, da zuciya ɗaya ta faɗa.

Bayan sati uku suka bar Guna. Kulu ta kamu da zawo a hanya, ta rasu kafin su kai Kano. Sai da damina ta faɗi mijinta Nomau ya komo da yaran, ya biyo ta Zango ya ba da labari. Suma'ila ya kasa daurewa, ya gaya masa abin da ke aljihunsa ran nan.

Nomau ya ce, "Rabin buhu ba zai kai mu damina ba. Kwananta ne ya ƙare."

Suma'ila ya san akwai gaskiya a ciki, amma ya san kuma da sun ƙara ko wata guda a gida, da rabon hatsin taimako ya tarar da su. Aikin Inusa bai taɓa ba da matsala ba, shekara goma sha ɗaya launin bai gusa ba, kuma ba a daina kallo a gidan ba. Shi dai ya koma zama a zaure da rediyo.

Ya ɗauki Hajjo, autar Kulu, ya sa ta lakwal, ta yi karatu har ta zama unguwarzoma. Bai taɓa gaya mata zancen kuɗin nan ba. Sau biyu yana kiranta da niyyar faɗa, in ta zauna sai ya tambaye ta aiki.