Motar Mai Fitila Ɗaya da Jinin da Ya Taru a Kaina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta aiko saƙon neman turaren wuta ba amsa, ku yafe ni. Jinya na yi, har da aiki a kai.

Daga biki muke dawowa a Khaddamari, bayan magariba, ni da Ya Falmata, aminiyata da muke haɗa turare tare a unguwar Gwange. Mai keke napep ɗin da ya ɗauko mu ya hango fitila ɗaya tana tahowa, ya ɗauka keke ne irin nasa, bai kauce sosai ba. Ashe mota ce, fitilar ɓangarenmu ta mutu.

Ta goge mu ta wuce. Kaina ya bugi ƙarfen keken. Babu jini, sai ɗan ƙulu. Na gyara lafayata na ce mu tafi. Ko a gida ban faɗa ba.

Bayan 'yan makonni ciwon kai ya fara. Na sha maganin maleriya, na sha na taifot, shiru. Sai kasko ya riƙa suɓuce mini daga hannun dama. Sai in kama magana in rasa ƙarshenta.

Mahaifiyata ta zaunar da ni. "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Abincin wa kike ci a waje?"

Na ce na Ya Falmata kawai.

"To! Tun da masu saye suka koma neman ki da sunanki, kina zaton ta ji daɗi?"

Maganar ta shige ni. In Ya Falmata ta kawo kunu sai in ce na ƙoshi, in ta fita in sa a zubar. In ta taɓa goshina sai in janye kaina. Ko dariyarta na daina yarda da ita. Aka yi ta hayaƙi da rubutu, ni kuwa sai barci, ƙafar dama tana ja.

Ranar da na kasa tashi sallar asuba maigidana ya ce shi kam asibiti. Ya Falmata ta biyo mu ba wanda ya gayyace ta. Mahaifiyata ko gaisuwarta ba ta amsa ba.

Likita ya haska idona, ya ce in matse yatsunsa. "Hajiya, kin taɓa buga kanki?"

Na ce a'a, don wallahi na manta.

Daga bakin ƙofa Ya Falmata ta ce, "Likita, ta buga. A keke, ina kusa da ita."

Aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Jini ne yake taruwa a hankali yana danne ta. Likita ya ce ba a jira. Maigidana ya sayar da saniyarsa a ranar. Da aka aske mini kai na yi kuka, na ba shi amanar yarana.

Na farfaɗo da robar fitar da jini a kaina. Cikin kwana kaɗan na iya riƙe cokali da kaina. Tafiya ce ta ɗauki lokaci, ina bin bango kamar mai tatata.

Motar ba a gano ta ba. Har yau in na ga fitila ɗaya a titi sai in ƙanƙame ƙarfe.

Alhamdulillah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da maigidana, da ku masu addu'a.

Mai mota, ka zagaya ka duba fitilunka kafin ka fita, ƙwan fitila bai kai ran mutum ba. Masu keke, duk hasken da kuka gani ku ba shi hanyar mota. In ka bugi kai, ko babu jini, ka faɗa a gida, ka ga likita. A yi addu'a, a kuma yi hoto.

Ya Falmata, na nemi gafararki a ɗaki kan zargin da na yi miki, ina sake nema a gaban jama'a. Ranar ce mini ta yi, "Na sani tuntuni. Tashi ki sa hula mu koma aiki, itacen turare na jiran mu."