Na Ce Wa Baba Rediyonsa Ya Lalace

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ɗaya, ni ce babbar ungozoma a wani gidan haihuwa a nan Gure. Yawancin yaran unguwarmu da ke tafiya lakwal, wato makarantar boko, a hannuna suka faɗo duniya. Mijina ya daɗe da rasuwa, na koma gidanmu da ƴaƴana biyu mata, ina kula da mahaifina wanda ciwon ido ya tafi da ganinsa gaba ɗaya. Matan unguwa sun naɗa ni shugabar ƙungiyarmu ta karatun addini, idan na yi magana ba a mayar mini. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san ba ƙuruciya ce ta sa ni ba. Da hankalina na yi, kuma da bakina nake faɗa yau.

Baba tsohon soja ne, amma sojan kiɗa. Ya yi kusan shekara talatin a fanfar, wato rukunin masu busa da ganga na soja, yana busa wani baƙin bututu mai maɓallai farare. Yana saurayi aka tura shi Turai horo na wata shida. A can wani malaminsu ya kai shi babban zauren kiɗa, ya ga abin da yake kira orkes: mutum kusan tamanin zaune da goge manya da ƙanana, da kayan busa, da ganguna, mutum ɗaya tsaye gabansu da siririyar sanda. Sau uku kawai ya je, amma har ya tsufa yana ba da labarin. Yakan ce kafin a fara, mai busa ɗaya ne zai ja sauti guda, kowa ya daidaita nasa da shi, sautin kuwa kamar algaita ce da aka koya wa haƙuri. Yakan yi dariya idan ya tuna ranar farko, da kiɗan ya ɗan tsaya ya ɗauka an gama, ya zage ya tafa shi kaɗai, zauren duka ya juyo. Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta dafa masa hannu tana murmushi, ta nuna masa da yatsa cewa da saura.

Da ya ajiye aiki ya dawo Gure, abin da ya rage masa daga wancan zamani shi ne rediyonsa mai gajeren zango. Kowace Lahadi bayan azahar wata tasha ta ƙasar waje takan sa irin wannan kiɗa na awa ɗaya da ƴan mintoci. Zai sa a fito masa da kujera gindin dalbejiya, ya zaro sandar rediyon, ya lalubo tashar da yatsunsa ba tare da ya ɓata ba. Babu waƙa a ciki, sai kiɗa zalla, wani lokaci ya yi ƙasa har ka ce pil ɗin rediyon, wato batir, ya ƙare, sai kuma ya taso ya cika gidan. Da an kira la'asar yake kashewa, ko da kiɗan bai kai ƙarshe ba. Tun ina yarinya nake jin abin, ban taɓa sauraro ba, kamar yadda mutum ba ya sauraron kukan tantabarun gidansu.

Matsala ta fara ne da muka mayar da karatun ƙungiya tsakar gidanmu, ranar Lahadi bayan azahar. Makon farko ba wadda ta ce komai. A na biyu, muna naɗe tabarmi, wata daga cikin manyanmu ta ja ni gefe ta ce ita fa abin ya ɗaure mata kai, ana karatu a nan, can kuma kiɗan majami'a na tashi, kuma a gidan shugaba. Ta ce mutane sun fara magana. Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Ban tambaye ta su wane ne mutanen ba. Ban je wurin wani malami na tambayi hukunci ba. Ban roƙi Baba ya koma ɗaki ko ya rage sauti ba, ban kuma yi tunanin mayar da karatun ranar Asabar ba, alhali duk wannan a hannuna yake. Abin da na gani kawai shi ne sunana a bakin mata.

Ranar Talata da safe, Baba yana alwala a bayan ɗaki, na shiga na ɗauke rediyon daga tagar da yake ajiye shi. Na ba wani ɗan uwan mijina da ya zo kasuwa daga Bune, na ce kyauta ce, ya tafi da shi. Da Baba ya laluba bai ji ba, na ce masa ya faɗi ya lalace, na kai wa mai gyara. Ya ce to, Allah ya sa ya gyaru. Bayan mako biyu ya sake tambaya, na ce mai gyara ya ce kayan irin wannan tsohon rediyo sai Damagaram. Bayan wata guda na ce ba a samu ba. Daga nan bai ƙara tambaya ba, ni kuwa na ce a raina na huta.

Amma bai daina fitowa ba. Kowace Lahadi bayan azahar sai ya sa a kai masa kujera gindin dalbejiya, ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, har a kira la'asar. Muna karatu ina hango shi. Sannu a hankali ya rage magana, ya rage cin abinci, tuwon da yake cinyewa ya koma barin rabi. Ni da nake aikin lafiya na auna masa jini, na sayo masa magungunan ƙarin ƙarfi, na ce wa kowa tsufa ne. Na san ba tsufa ba ne kaɗai. Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Gwaggona, ƙanwarsa da ke aure a Gamu, ita ce ta fasa abin. Ta zo ta kwana uku, suna ta hira da yaren Mangance su biyu. Ranar da za ta koma ta kira ni ɗakin girki ta rufe ƙofa. Ta ce tun ranar Talatar nan Baba ya sani. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cin abinci da kunnensa, ta ce, ba za a ɗauki abu a ɗakinsa bai ji ba. Ya ji takuna, ya ji sandar rediyon ta bugi ƙyaure lokacin da nake fita. Ta ce ta tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, ya ce ni nake ci da shi, ni nake wanke masa tufafi, idan na ga abin yana zubar mini da mutunci to a bar ni. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji ta, shi ne sau uku yana tambaya don ya ba ni damar faɗin gaskiya, sau uku ina ƙara wata ƙaryar.

Ranar kasuwa ta gaba na nemi izini wurin aiki, na shiga mota zuwa Bune da kaina. Na samu rediyon rataye a rumfa, ƙura ta rufe shi amma yana aiki. Na ba mutumin haƙuri na karɓo. Da na dawo na durƙusa gaban Baba na ɗora masa a cinya, na faɗa masa komai tun daga maganar matar nan har ƙaryar mai gyara. Ya shafa rediyon ta kowane gefe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

“Uwata, tashi,” ya ce. “Ƙasa da zafi. Na yafe tun kafin ki hau mota.”

Lahadi ta zo, na ɗage karatu, na sa sabon pil, na zauna kusa da shi. Ya kai yatsa daidai wurin da ya saba. Babu komai sai shuuu. Ya yi gaba, ya yi baya, har aka kira la'asar. Mako uku muna gwadawa. Daga baya wani abokin aikina ya bincika mini, ya ce tashar ta daina watsa shiri a gajeren zango tun watanni da suka wuce. Watannin ƙarshe da shirin ya yi yana isowa Gure, rediyon Baba yana rataye a rumfar Bune. Wannan kam ba abin da zan iya mayar masa.

Ban zauna kuka ba. Na sa abokin aikin nan ya zuba mini irin kiɗan a salula, na sayi ƙaramar lasifika. Baba ya saurara, ya yi godiya, amma bai ɓoye mini ba: ya ce da bambanci. A rediyo bai san abin da za a sa ba sai ya zo, kuma yana jin cewa a daidai lokacin akwai wani can wata ƙasa zaune yana jin abin da yake ji. Duk da haka ya karɓa. Na mayar da karatunmu Asabar, na faɗa wa mata dalili a fili, ban rage komai ba. Biyu sun daina zuwa. Sauran suka ce da tun farko na faɗa.

Shekara biyu muka yi ina zama da shi kowace Lahadi. Shi ya koya mini sauraro. Zai ɗaga yatsa ya ce in bar manyan goge, in bi waccan ƙaramar busa da ke ƙarƙashi, in ji yadda take tambaya sauran suna ba ta amsa. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na sanyin ƙasar, na takalmin aro da ya matse shi a zauren, na yadda ya yi sallar isha'i a bayan matakala kafin a shiga. Ya koma cinye tuwonsa. Da ajali ya zo, ciwon kwana tara ya yi, ina riƙe da hannunsa.

Ni ba malama ba ce da zan yanke hukunci kan kiɗa, masu ilimi na nan, a tambaye su. Amma yi wa mahaifi ƙarya, da ɗauke wa makaho abinsa a ɓoye, ban taɓa jin wanda ya ce ya halatta ba, kuma da sunan tsare addini na yi su. Abin da nake tsaro a gaskiya shi ne kujerata ta shugaba.

Don haka nake kira ga duk mai riƙon tsoho a gida. Kuna ba su abinci, kuna saya musu magani, Allah ya saka muku. Amma kowane tsoho yana da ɗan abin da yake riƙe da shi, wanda ku kuke gani ba komai ba: rediyo ne, ko akuya, ko zaman ƙofar gida da wani aboki. Idan ya dame ku, ku zauna gabansa ku faɗa masa, yana da kunne kuma yana da hankali. Kada ku yanke masa hukunci a bayan idonsa don wata ta ja ku gefe. Yawancinsu sun san abin da muka yi, shiru suke yi don a hannunmu suke. Ni na yi sa'a gwaggona ta zo Baba yana da rai. Ba kowa ake ba shekara biyu ya gyara ba.